Jan Zare a Takalmin Rabo

Ni baduku ne, ko in ce na taɓa zama baduku, domin yanzu ba na ganin kafar allura sai na fito tsakiyar rana. Shekara arba'in da ɗoriya na yi a 'yar rumfata da ke Harra ta Yamma, nan Madina, ina ɗinka takalmi, ina gyara wanda ya tsinke. Karatuna bai yi nisa ba. Na yi allo, na yi aji huɗu a madarasa, daga nan babanmu ya ce hannuna ya fi kaina ganewa, ya kai ni wurin wani tsohon baduku ɗan Agadas. Amma akwai rubutu guda da na iya karantawa wanda ko malaman jami'a ba su iya ba, shi ne ƙasan takalmi.

Ban taɓa ganin mutum biyu da suke cinye takalmi iri ɗaya ba. Mai gaggawa gaba yake cinyewa, daidai babban yatsa. Wanda ba ya son inda za shi, dunduniya yake ja. Akwai wani mai sayar da turare a layinmu da gefen waje kawai yake cinyewa, da na gaya masa tafiyar agwagwa yake yi sai ya yi wata guda bai gaishe ni ba. Har kwali gare ni cike da warin takalma, irin waɗanda masu shara ke zubarwa bayan alhazai sun koma gida. In ba ni da aiki nakan fito da su in riƙa tunanin masu su: wannan ta taho daga nesa, wancan yana da ciwon gwiwa bai gaya wa kowa ba. Ina kuma da gwangwanin madara cike da ƙwallayen dabino. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina neman guda biyu da suka yi kama sak, ban samu ba. Matata, Allah ya jiƙanta, takan ce marar aikin yi ma ya fi ni abin yi.

Abu ɗaya kawai na tabbata an yi shi sau biyu ba a sauya komai ba, shi ne ni da Rabo.

Tagwaye ne mu. An haife mu a Sawakin, bakin teku, iyayenmu suna jiran jirgin ruwan da zai ƙetare da su Jidda, bayan sun yi shekara uku a hanya daga Damagaram. Mutane kan tambaya me ya sa ba Hasan da Husaini ba. Babanmu ne ya yi wa abokan tafiyarsa biyu alkawarin takwara, kowa a ɓoye, yana ta tunanin wanda zai saɓa wa, sai Allah ya raba gardama. Ni ne Habu. Rabo ya riga ni fitowa da abin da bai wuce shan shayi kofi ɗaya ba, kuma shekara saba'in da ɗaya ke nan yana karɓar girman wannan kofi.

Uwarmu ba ta taɓa ɗaukarmu mutum biyu ba. In ɗaya ya yi zazzaɓi, mu biyu take ɗura wa magani. In ɗaya ya fasa tulu, mu biyu za mu sha duka, ta ce ba ta da lokacin bincike. A haka muka tashi, a haka muka tsufa. Da idonmu ya yi rauni, Rabo ne ya je aka gwada shi, ya karɓo tabarau biyu. Da aka cire masa haƙori, na je na ce a cire mini nawa tun kafin ya fara ciwo, likitan ya kore ni da Larabci mai zafi.

Gida ɗaya muke zaune, shi a sashen dama, ni a na hagu, ƙofa ɗaya. Kowace shekara kafin Ƙaramar Salla nakan yanka fata ɗaya in ɗinka mana takalmi sawu biyu, awo ɗaya, launi ɗaya. Ba nawa, ba nasa. A ƙofar gida ko ta masallaci, wanda ya riga fitowa ya zura ƙafa a wanda ya fi kusa ya wuce. Kuma abin alfaharina shi ne, a duk Madina takalmanmu ne kaɗai na ga suna cinyewa daidai wa daida, hagu kamar dama, dama kamar hagu. Nakan nuna wa masu kawo gyara in ce, kun ga tafiyar mutanen kirki.

Sai maganar Asabar. Kowace Asabar muna yin sallar Asuba a Harami, mu ɗan zauna har rana ta ɗaga, sannan mu taka da ƙafa zuwa masallacin Ƙuba mu yi raka'a biyu, kamar yadda sunna ta zo. Babanmu ne ya fara kai mu, yana riƙe da hannun kowa. Tun hanyar tana ratsa gonakin dabino muke binta, har ta zama shimfiɗaɗɗen titin masu tafiya a ƙasa, da fitilu da kujeru da masu sayar da gahawa. In ban da lokacin annoba da aka rufe ko'ina, ban tuna Asabar ɗin da muka yi fashi ba. Rabo ya yi shekara talatin da biyar yana tuƙa motar alhazai, yakan ce duk mako kwana shida yake yi wa mota bauta, Asabar kuwa ta ƙafarsa ce.

Bara, bayan Babbar Salla, kwankwasona ya fara yi mini magana. In na yi ruku'u sai in ji kamar an soka mini basilla. Wani maƙwabcinmu ɗan Zariya, injiniya ne, ya ce akwai wani ɗan garinsu a Aziziyya, Dakta Mu'azzam, da hannu yake gyara baya. Sunan sana'ar tasa kairofarakta, sai da na kwana uku ina maimaitawa kafin bakina ya riƙe. Na ce wa Rabo mu je.

"Ka je kai," in ji shi. "In ya karya ka, ka ga an rage asara, saura ɗaya."

Na je. Yaro ne da bai wuce arba'in ba, dogo, da hannuwa kamar faranti, da dariya a bakinsa kullum. Ya sa aka ɗauki hoton bayana tukuna. Sannan ya sa na yi tafiya daga bango zuwa bango yana kallona ta baya, ya kwantar da ni a wani siririn gado mai rami wurin fuska.

"Baba," ya ce, "ni ba maɗori ba ne, ba karaya nake ɗorawa ba, kuma ba na ba da ƙwaya. Mu a wurinmu ƙashin baya babbar hanya ce, saƙon kai ta nan yake bi ya isa ko'ina a jiki. In wani wuri ya cushe ko ya karkace, jiki sai ya fara gunaguni. Nawa dai in buɗe hanya. Sauran gyaran jiki ne zai yi da kansa, da izinin Allah."

"Kamar hanyar Ƙuba a lokacin aikin hajji," na ce, fuskata a cikin ramin.

"Kamar ita. Sai dai kowa da hanyarsa. Na taɓa baya ya fi dubu, ban samu biyu iri ɗaya ba."

Na yi murmushi a cikin ramin, na ce a raina, yaro bai ga Rabo ba.

Ya danna nan, ya danna can, ya naɗe ni kamar tabarma, sai na ji ƙwas! Na yi salati da ƙarfi. Ya ce in tashi. Na tashi, ban mutu ba. Daga nan ya gaya mini ƙafata ta hagu ta ɗan gaza ta dama, ɗan kaɗan, shi ya sa ƙuguna ya zauna a karkace. Ya fito da wata 'yar roba ya ce in riƙa sawa a ƙarƙashin dunduniyar hagu.

"Likita, ni za ka ba roba? Gaya mini kaurin kawai."

Ya gaya mini. Bai kai kaurin ƙwallon dabino ba. Na koma gida na farke dunduniyar hagu, na shimfiɗa fata biyu siraran, na mayar na ɗinke yadda ko mai gidana ɗan Agadas ba zai gane ba. To, ga warin hagu guda biyu a ƙofar gida, kuma ban san wanda ƙafata za ta faɗa gobe ba. Sannan in ƙafata ta hagu ta gaza, ai ta Rabo ma ta gaza, sai dai ciwon bai iso shi ba tukuna. Na ɗauki ɗayan na yi masa irin aikin. Ban gaya masa ba, domin tun ranar da na ba shi labarin ƙarar nan ya raɗa wa likitan suna Mai Ƙwas, yana ta yi mini dariya. Uwarmu ma in za ta ba mu magani mai ɗaci a kunu take zubawa, ba ta shawara da kowa.

Kwana goma, bayana ya saki. Na koma wurin likita sau uku, ina ruku'u kamar saurayi.

A mako na biyu, muna tsakiyar hanyar Ƙuba, Rabo ya tsaya ya dubi ƙasa.

"Habu, ba ka ji titin nan ya karkace ba?"

"Titi lafiyarsa lau."

"Wallahi gangara yake yi wajen dama. Har tsakar gidanmu ma ta fara."

Na ce tsufa ne. Ya ce in tsufa ne ai ni ma zan ji, sai dai in ji bayan an sha kofin shayi.

Daga karkatar titi sai ciwo. Ya fara a ƙugu, ya gangara cinyar dama. Wata guda bai cika ba Rabo ya koma yin salla a kan kujera, a ƙarshen sahu, cikin tsofaffin da da yake tsokana. Ni kuwa na ce a raina maganin ne yake aiki a hankali, domin jikin Rabo taurin kai gare shi kamar mai shi. Asabar ta biyar sai da muka zauna sau shida kafin mu ga hasumiyoyin Ƙuba, kuma a mota muka dawo. Ranar na bi shi a baya ina kallon yadda kafaɗarsa ta dama ta faɗa ƙasa kamar mai ɗauke da guga. Wani tunani ya leƙo mini, na rufe masa ƙofa.

Washegari Zaituna ta zo. 'Yar Rabo ce ta fari, tana aiki a kantin magani a unguwar Ranuna, tana jin Hausa sarai amma rabin amsarta da Larabci take bayarwa. Ta buɗe bayan motarta ta fito da arabiyya, keken nan da ake tura marasa ƙarfi a Harami, sabuwa fil, da ledarta.

"Abuya, halas, ya isa haka. Asabar mai zuwa a wannan za ka, ni zan tura ka. Ko kuma ka zauna a gida."

Rabo ya dubi keken kamar an kawo masa makara.

"Ni da na tuƙa mota mai kujera hamsin, ni za a tuƙa?"

"Lada ɗaya ne, Abuya. A ƙafa ko a kan abin hawa, duk ya zo."

"Na sani. Amma ni da ƙafata babana ya kai ni. In dai a wannan ne, na bar Ƙuba, Habu ya riƙa gaishe mini da ita."

"To ka zo mu je asibiti."

"Ai an duba Habu."

Zaituna ta ɗaga hannu sama ta ce wani abu da Larabci wanda ba zan rubuta ba, ta jingine keken a zaure ta tafi. Na san Rabo. In ya ce ya bari, ya bari. Kuma ni ban san yadda ake bin hanyar nan mutum ɗaya ba. Wa zan nuna wa inda rijiyar gonar nan take a da? Wa zai ce mini ƙarya nake, can gaba take?

Na kwana biyu ina juya ƙwallayen dabino ina neman dabara. Ranar Talata muna shan shayi bayan La'asar na ce, kamar da wasa:

"Mai Ƙwas ya ce wai ba baya biyu iri ɗaya a duniya."

"Bai san mu ba."

"Haka na ce. Amma ya ce ko an rufe masa ido, hannunsa ya san bayan kowa."

"Cika baki! Malamin madarasa bai raba mu ba. Surukata ta yi shekara biyu tana gaishe ka da sunana."

"Ai shi ya sa ban yi masa gardama ba, yaro ne, kada in kunyata shi. Gobe ma ina da ganinsa."

Rabo ya ajiye kofi. Idonsa ya yi irin ƙyallin da yake yi tun muna yara in za mu yi ɓarna.

"Ba ni hularka."

Zaituna ce ta kai mu. Na sa hular Rabo, na ɗauki sandarsa, ina ɗingishi ina nishi. Shi kuma ya cije ya miƙe kamar soja, ya shiga wurin likita da sallama irin tawa. Ni da Zaituna muka zauna a waje. Na ƙara nishi don ta tabbata.

"Ammi, ka huta," ta ce, wato baffana da Larabci, idonta a kan wayarta. "Ɗingishin ma a ƙafar da ba ita ba kake yi."

"Kin gane ni?"

"Tun ina goye. Kai in za ka zauna sai ka duba kujera, shi faɗawa yake yi. Kai kana tari sau biyu, shi sau ɗaya. Na yi shiru ne don in dai zai shiga ɗakin nan, ko da sunan Sarkin Aljanu ne ya shiga."

Ƙofar ba ta rufu sosai ba, muna jin su. Likita ya tambayi jiki, Rabo ya ce alhamdulillahi, sai godiya. Aka ce ya kwanta. Sai muka ji muryar likita a hankali:

"Baba Habu, ko dai an juya ka ciki waje kamar riga, ko kuma ba kai ba ne."

"Ni ne mana! Dubi fuskata."

"Fuska ta Baba Habu ce. Bayan nan kuwa ban taɓa gaisawa da shi ba. Na Baba Habu hagu ya karkata, wannan dama. Nasa bayan mai zama a ƙasa ne yana sunkuye, wannan ya yi shekaru a kan kujera yana taka wani abu da ƙafar dama. Kuma mai wannan bayan yana shan azaba, ko da ya ce sai godiya."

Muka ji Rabo ya ce, "La'ilaha illallahu. Habu! Shigo, ya kama mu."

Na shiga ina riƙe da sandar da ba tawa ba. Likita ya dube ni, ya dubi Rabo, ya zauna a kujera yana dariya har da hawaye. Da ya natsu sai ya tsayar da mu gefe da gefe, ya kira Zaituna ta gani. Ya cire mana huluna: gashin tsakiyar kaina dama yake juyawa, na Rabo hagu, ɗan abin da ya rage masa. Ya ce mu harɗe hannu a ƙirji: nawa na dama ne a sama, nasa na hagu. Ya tambayi Rabo ko bahago ne.

"Da can," in ji Rabo. "Uwarmu ta gyara ni da muciya."

Na manta da wannan sam. Ni ma na sha muciyar, shi ya sa na ɗauka ni ma bahago ne.

"Akwai tagwaye irinku," in ji likita, "kamar mutum da hotonsa a madubi. Wani abin da shi aka haife ku, wani kuma sana'a ce ta rubuta. Ƙafar Baba Rabo ta dama ce ta gaza. Amma abin da ban gane ba, ya rayu da ita shekara saba'in lafiya, me ya tayar da ita yanzu? Baba, ka faɗi ne? Ka ɗauki kaya?"

"Ban faɗi ba. Ƙasa ce ta karkace."

Likita ya sunkuya ya ɗauki takalmin da Rabo ya cire. Ya juya na hagu, ya juya na dama, ya haɗa dunduniyoyinsu ya ɗaga wajen haske. Sannan ya dubi ƙafata.

Da ƙasa za ta tsage da na shige.

"Ni ne," na ce. "Na ƙara masa a hagu, irin nawa."

"Ka ƙara wa doguwar ƙafar tsawo," in ji likita.

Rabo ya tashi zaune a kan siririn gadon, da ƙyar, yana kallona.

"Wato wata guda ina zagin titi, ashe kai ne titin?"

"Alheri na nufa, Yaya."

"Yau na zama Yaya! Likita, ka riƙe shi, ka yi masa ƙwas a wuya."

Amma ni hankalina ya riga ya tafi wani wuri. Na ce, Likita, tsaya, akwai abin da bai shiga kaina ba. Ni na san ƙasan takalmi. Mai gajeriyar ƙafa ba ya ɓuya, wari ɗaya yake cinyewa fiye da ɗaya. Mu kuwa namu daidai suke cinyewa, shekara da shekaru, har nuna wa mutane nake yi.

"Kowa nasa yake sawa?" ya tambaya.

Zaituna ce ta fara fashewa da dariya. Ni ina cinye wari ɗaya, Rabo yana cinye ɗayan, gobe mu yi musanya a ƙofar masallaci, jibi mu sake. Karkatattu biyu ne suka haɗu suka rubuta miƙaƙƙiyar tafiya, ni kuma na zauna ina karantawa ina yabon kaina. Na karanta takalmin duk Madina, har na mutanen da ban taɓa gani ba, ban taɓa karanta na wanda muka kwanta ciki ɗaya ba.

Likita bai yi wa Rabo ƙwas ranar ba. Ya ce sai an ɗauki hoton bayansa shi ma, nasa na kansa, ba nawa ba. Zaituna ta ce ita fa ba ta gama yarda da maganar babbar hanya da saƙon kai ba, a karatunsu ba haka aka faɗa ba, kuma likitan ƙashi na asibiti zai ga hoton tukuna. Dakta Mu'azzam ya ce hakan ya fi masa daɗi. Suka yi ciniki kamar masu sayen rago: likita ya nemi Asabar huɗu na jinya, ta ba shi uku. A cikinsu za mu je Ƙuba a motarta. A ta huɗu, in Rabo ya iya takawa, shi ke nan. In ya kasa, arabiyya, kuma ba gardama. Rabo ya ce ya ji, amma ba a gabansa za a cire mata leda ba.

Na koma rumfa na fito tsakiyar rana da fata sabuwa. Karo na farko a rayuwata na durƙusa na auna ƙafar Rabo. A da, tawa kawai nake aunawa. Ashe tasa ta fi faɗi wajen yatsu, kuma ɗan yatsansa na dama ya hau kan maƙwabcinsa.

"Shekara nawa takalmi yana matse ka a nan?"

"Tun da ka fara ɗinki."

"Ba ka taɓa faɗa ba!"

"Na ɗauka kai ma yana matse ka."

Na ɗinka sawu biyu, nawa da ƙari a hagu, nasa da ƙari a dama. Don kada a sake, na bi bakin nasa da jan zare. Ya ce na mayar da shi amarya.

Makonni ukun nan Rabo ya je wurin likita sau biyar. Aka yi masa ƙwas ɗinsa, ya ce tasa ƙarar ta fi tawa. Aka ba shi motsa jiki na kwanciya a ƙasa yana ɗaga gwiwa, jikokinsa suna leƙe suna dariya. Na ce zan taya shi yi, likita ya ce in na kuskura zai gaya wa Zaituna. Ko hannun likita ne, ko takalmin ne, ko hutun ne, ko duka ukun, Allah ne masani. Ni dai na ga kafaɗar ta fara dawowa mazauninta.

Asabar ta huɗu muka fito daga Harami rana ta ɗan ɗaga. Zaituna tana biye da mu da arabiyya, har yanzu da ledarta. Rabo bai waiwaya ba ko sau ɗaya. Muka wuce masu gahawa, muka wuce inda tattabaru ke taruwa. A wajen rabin hanya ya tsaya ya dafa ƙugu, na ji ƙarar keken ta matso. Ya ce ba gajiya ya yi ba, yana so ne ya nuna mini inda rijiyar nan take a da. Na ce can gaba take. Ya ce ƙarya nake. Muka zauna a kujera muka yi gardamar har ya huce, sannan muka tashi. Sau biyu muka yi gardamar rijiya ranar. A ta biyun Zaituna ta gaji da riƙon jakarta da butar shayi, ta ɗora su a kan keken.

Da fararen hasumiyoyin suka bayyana sai Rabo ya kama hannuna, yadda babanmu yake kama mu. Ya yi raka'a biyunsa a tsaye. Ruku'un bai kai yadda yake so ba, amma ba kujera.

Ya riga ni fitowa, kamar kullum. Ina daga baya na ga ya zura ƙafa a takalmin da ya fi kusa, ko dubawa bai yi ba. Ya yi taku ɗaya, ya yi na biyu, sai ya tsaya. Ya dawo da baya ya cire, ya tura mini su da yatsan ƙafa.

"Wannan ba nawa ba ne," ya ce.

Shekara saba'in da ɗaya ban taɓa jin wannan magana daga bakinsa ba. Ban san ko daɗi na ji ko kewa ba. Na sunkuya na lalubo masa mai jan zaren a cikin tarin takalman mutane, na ajiye a gabansa. Zaituna tana can tana tambayar wani ma'aikaci ko akwai mai bukatar arabiyya sabuwa.